Sabis a cike amma kira yana katsewa: ina matsalar take?

Wani ɗan kasuwa daga Kano ne ya aiko da tambayar. Ya ce sabis a cike yake a wayarsa, data kuma tana nan, har bidiyo yana kallo ba tsayawa, amma da ya kira ƙanensa da ke Kumasi ta WhatsApp sai murya ta riƙa gutsurewa, wani lokaci ya ji maganarsa tana dawo masa, wani lokaci kuma su yi ta karo da juna a magana. In ya kira mahaifiyarsa a ƙauye da kati, ita tana jin sa sarai, shi kuwa sai ya yi ta cewa "Hajiya, ba na jin ki." Yana so ya san laifin waya ne ko na kamfani, kuma wane irin kira ne ya fi.

Alhaji, abin da ka lissafa matsaloli huɗu ne daban-daban, kowace da sanadinta, kuma biyu daga ciki ba a wajenka suke ba. Kafin a kai gare su sai an fahimci cewa kiran kati da kiran data ba hanya ɗaya suke bi ba, ko da daga waya ɗaya suka fita.

Kiran kati a kan 2G da 3G tamkar shatar mota ne. Da ka danna lamba, kamfani zai keɓe maka hanya tun daga wayarka har zuwa ta wanda ka kira, kuma ba mai shiga wannan hanya har ku ajiye. In babu gurbi, kiran ba zai shiga ba tun farko, shi ne kake ganin an rubuta maka layi ya cunkushe. Kiran data kuwa aika kaya ne ta tasha: ana yayyanka muryarka ƙunshi-ƙunshi, a jefa kowane a motar da ta samu, tare da kayan masu kallon bidiyo da masu sauke fim. Wani ƙunshin ya isa da wuri, wani ya makara, wani ya ɓata a hanya. Galibi kowane ƙunshi yana ɗauke da maganar milisakan 20, wato kashi 20 cikin 1,000 na sakan ɗaya, don haka a kowane sakan ƙunshi 50 ne suke fita daga wayarka, wasu 50 kuma suna shigowa.

A nan ne amsar abin da ya fi ɗaure maka kai take, wato yadda bidiyo ke tafiya lafiya amma kira ya ƙi. Bidiyo an riga an ɗauke shi an ajiye. Wayarka tana sauke na sakanni da yawa a gaba ta tara, saboda haka ko sabis ya ɗauke na sakan biyu ba za ka sani ba, kuma duk ƙunshin da ya ɓata za a sake aiko shi. Kira ba shi da wannan gata. Maganar da ƙanenka bai riga ya furta ba babu yadda za a tara ta a gaba, kuma ƙunshin da ya makara ya zama banza, domin lokacin jin sa ya wuce. Shi ya sa manhajojin kira ba sa ɓata lokaci wajen neman a sake aiko abin da ya ɓace. Sai dai su cike gurbin da sautin da suka kintata daga wanda ya gabata. In ƙunshi ɗaya ne cikin 100 ya ɓata, da wuya kunne ya lura. In ya kai biyar cikin 100, musamman in a jere suke ɓacewa, sai ka ji murya ta koma kamar ta inji, kalmomi suna rasa kai ko gindi.

Ke nan kira ba ya buƙatar intanet mai gudu. Abin da yake ci kaɗan ne ƙwarai, ƙasa da MB ɗaya a minti a mafi yawan lokuta, har GB ɗaya zai iya ɗaukar ka sama da awa 16 kana magana. Abin da yake buƙata shi ne ƙunshin su riƙa isa a kan kari, ba tsalle. Sandunan sabis da kake gani a saman waya kuwa ƙarfin siginar da ke zuwa maka daga turken sabis kawai suke nunawa. Ba sa gaya maka mutum nawa ne suke kan turken a wannan lokaci. Bayan sallar isha'i, lokacin da unguwa gaba ɗaya ta dawo gida ta hau waya, sabis zai nuna a cike amma layin jiran ƙunshi ya yi tsawo. Gwada kiran nan da safe bayan asuba, a ɗaki ɗaya, da waya ɗaya. In ya tafi sumul, cunkoso ne matsalarka, sayen sabuwar waya ba zai magance shi ba.

Sau da yawa ma cunkoson a cikin gida yake. In kana kan Wi-Fi ko MiFi, wani kuma yana ɗora bidiyo a status, ko wata waya tana kwafe hotunanta zuwa ma'ajiyar intanet, to hanyar fita ta toshe, kuma hanyar fita ta fi ta shigowa ƙunci a kusan kowane layi. Ƙunshin muryarka sai su tsaya a bayan wannan lodi. Alamarsa ita ce kai kana jin ƙanenka lafiya, shi ne yake ƙorafin kana katsewa. Tsayar da ɗorawar, ko ka sauka daga Wi-Fi ka koma datar layinka, za ka ji bambanci nan take.

Karo da juna a magana kuma jinkiri ne ke kawo shi. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta fitar da ma'auni a kan wannan: in murya ta ɗauki ƙasa da milisakan 150 daga baki zuwa kunne, hira tana tafiya kamar ana zaune tare, in ta wuce 400, hira ta lalace. Dalili kuwa shi ne mutum yana gane lokacin karɓar magana ne da ɗan shirun da ke biyo bayan jimla. In shirun ya yi tsawo sai ka ɗauka bai ji ba, ka maimaita, daidai lokacin da amsarsa ke isowa. Nisa shi kaɗai ba ya kawo jinkiri mai yawa: haske a cikin wayar faiba, wato zaren gilashin da ke ɗaukar data tsakanin garuruwa, yana cin kimanin milisakan biyar a kowane kilomita 1,000. Abin da ke tara jinkirin shi ne jira a turke, da jiran da wayar mai karɓa take yi da gangan don ta jera ƙunshin da suka iso a hargitse. Duk lokacin da isowar ta ƙara hargitsewa, wayar tana ƙara tsawon jiran, gara a makara da a gutsure. VPN, wato manhajar da ke karkatar da datarka ta wata ƙasa, yana ƙara nasa, domin yana iya kai muryarka Turai ko Amurka kafin ta juyo Ghana. A saitin sirri na WhatsApp ma akwai maɓallin ɓoye adireshin intanet yayin kira, wanda ke tilasta wa kowane kira ya bi ta na'urorin kamfanin. Yana da amfani ga mai magana da baƙi, amma yana iya rage ingancin murya. Inda kuma ƙauye yake haɗe da sauran duniya ta tauraron ɗan'adam mai nisan kusan kilomita 36,000, hawa da sauka kaɗai suna cin milisakan 240, kuma wannan babu gyaransa sai haƙurin jiran juna.

Amsa-kuwwar da kake ji, wato muryarka tana dawo maka, daga wayar ƙanenka take, ba daga taka ba. Muryarka tana fita ta lasifikarsa, makirfonsa ya sake ɗaukar ta ya maido maka. Kowace waya tana da tsarin da ke share wannan, amma yana gazawa in an saka kira a lasifika an ƙure ƙara, ko a ɗaki mai tayil da babu labule ko kafet, ko in rigar wayar ta matse ta yadda sauti ke bi ta cikinta daga lasifika zuwa makirfo. Ka ce masa ya cire daga lasifika, ya rage ƙara, ko ya saka iyafis. In kai ne ake ce wa ana jin amsa-kuwwa, to kai ne za ka yi hakan. Mutane da yawa suna kai wayarsu wajen mai gyara a kan wannan alhali lafiyarta ƙalau.

Sai batun Hajiya, wanda shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin haka dubban iyaye suke fama a karkara. Turken sabis yana da wuta mai ƙarfi da eriya a sama, saboda haka muryarsa tana kai wa nesa. Wayar hannu kuwa iyakar ƙarfinta a 2G wat biyu ne, a 3G da 4G ma bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na wat ba. Wanda ke gefen iyakar sabis yana jin turke, amma turke ba ya jin sa sosai. Shi ya sa Hajiya take jin ka, kai ba ka jin ta, kuma shi ya sa cajin wayarta yake saurin ƙarewa, don kullum wayar a ƙure take tana ƙoƙarin kai wa turke. Gyaran a wajenta yake. Ta fito daga ɗaki, musamman in rufin kwano ne, domin ƙarfe yana mayar da sigina baya. Gini mai rodi da kankare ma haka. Ta tsaya a tsakar gida ko wuri mai tudu, ta fuskar garin da turken yake, kada kuma ta rufe ƙasan wayar da tafin hannu, don a yawancin wayoyi akwai eriya a nan. In akwai yaro mai Android a gidan, ya shiga saiti, wajen bayanin waya, ya duba matsayin sim, zai ga wata lamba mai alamar ragi da dBm a gabanta. Wajen -70 zuwa -85 sabis mai kyau ne, in ta kai -105 ko -110 kira zai wahala. Ya zagaya gidan a hankali yana tsayawa kamar rabin minti a kowane wuri, har ya gano inda lambar ta fi kusa da sifiri. Nan ne wurin amsa waya. Wannan lamba ta fi sanduna gaskiya, domin kowane mai ƙera waya da yadda yake zana sandunansa.

In wayarta babba ce kuma tana yawan tsalle tsakanin 4G mai rauni da 2G, a saita ta ta zauna a 2G ko 3G kawai. Zangon rediyo na 900 da ake yawan amfani da shi a 2G ya fi manyan zanguna nisan tafiya da ratsa bango, don haka a ƙauye ƙaramar waya mai maɓalli takan fi babbar waya riƙe kira. Layin wani kamfanin ma ya cancanci a gwada, tunda ba lallai turakunsu su kasance wuri ɗaya ba. A tambayi maƙwabta wane layi ne ya fi kamawa a unguwar. Amsarsu ta fi kowace talla.

Kafin a ɗora laifi a kan sabis, a tabbatar makirfonta lafiya yake. Ƙurar hunturu da zaren aljihu suna toshe ɗan ramin da ke ƙasan waya, da ragar da ake kara wa kunne. Gwajin mai sauƙi ne: a ɗauki murya da manhajar ɗaukar sauti a saurara. In ta fito a dishe, a goge ramin da busasshen buroshin haƙori a hankali. Kada a zura allura ko tsinke, domin akwai siririyar fata a ciki da ke kare makirfo, in ta huje an jawo sabon aiki. In kuma ana jin ta sarai a lasifika amma ba a jin ta in ta kara a kunne, ko akasin haka, to mai yiwuwa wayar mai makirfo biyu ce, ɗaya ya samu matsala, wannan aikin mai gyara ne.

Akwai wani abu da kiran kati yake yi wa murya ko da sabis na da kyau. Tun zamanin wayar tangaraho, layin tarho yana ɗaukar sautin da ke girgiza sau 300 zuwa 3,400 ne kawai a sakan, ya zubar da na sama. To sautuka irin su s da f da sh da ts a can saman suke. Wannan ne dalilin da ya sa ake gane muryar mutum amma a ruɗe wajen karɓar lamba. Ga ɗan kasuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne: lambar asusu mai alƙaluma 10 ko farashin dila a faɗe su bibbiyu, wanda ya karɓa ya maimaita, sannan a bi da saƙon rubutu. Kiran WhatsApp, in hanya na da kyau, yana ɗaukar zango mai faɗi fiye da ninki biyu na wancan, shi ya sa kake jin mutum kamar yana kusa. Ranar sallah kuma murya a kiran kati takan ƙara dusashewa, domin a 2G kowace tashar rediyo ɗaya a kan turke gurbi takwas take da shi, in jama'a sun yi yawa sai kamfani ya raba kowane gurbi biyu don mutane da yawa su samu shiga, kowa ya samu rabin inganci.

Ka lura da alamar da ke saman wayarka lokacin da kake kiran kati. In 4G ta koma H ko E, wayarka tana sauka ne zuwa tsohon layi, wato 3G (H) ko 2G (E), don ta yi kiran, saboda 4G asalinta ta data ce zalla. Wannan saukar ce ke sa kira ya ɗan jima kafin ya fara ƙara, kuma ita ce ke sa data ta tsaya cak in an sauka har 2G. In alamar ta zauna a 4G, kana kan VoLTE, wato kiran kati da ke bi ta 4G amma kamfani ya ba shi fifiko a kan sauran kaya. Wannan shi ne mafi inganci da za ka samu: shiga da sauri, murya garau, ba ya taɓa datarka. Sai dai dole wayarka da kamfaninka duka su yarda da shi, a kuma kunna shi a saitin sim. Mai sim biyu ya san cewa a yawancin wayoyi in yana magana a layi ɗaya, ɗayan a kashe yake ga mai nemansa, kuma kiran kati da ya shigo yana iya tsinke kiran WhatsApp da ake ciki.

In kuma ƙorafin shi ne ana kiran ka ta WhatsApp waya ba ta ƙara sai daga baya ka ga an neme ka, duba tsarin tattalin batir. Wayoyin Android da yawa suna kashe manhajar da ba a buɗe ba don caji ya daɗe. Cire WhatsApp daga cikin waɗanda aka takura, ka bar mata data a bayan fage. Ga kiran kati da ba ya shigowa alhali waya a kunne take, danna ##002# ka kira. Wannan yana soke duk wata karkatar da kira da aka saka a layin, da saninka ko ba da saninka ba.

Wanne ya fi? Zuwa Kumasi, kiran data ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma in ka zaɓi lokaci da wuri ya fi daɗin ji. Ku bar bidiyo in hanya ba ta da kyau, don yana cin ninkin abin da murya ke ci sau da yawa, ku kuma kunna maɓallin rage cin data yayin kira da ke saitin ma'ajiya da data. In alamar E ce a wayar ɗayanku, kada ku wahalar da kanku, ku koma saƙon murya: shi ana aika shi ne kamar kowane fayil, abin da ya ɓata a sake turo shi, don haka yakan makara amma ya isa cikakke. Zuwa wajen Hajiya kuwa kati ne, babu tantama. Haka duk maganar da ba ta jira, ko kira daga cikin mota a kan hanya, inda waya ke sauya turke bayan turke. Layin kati an gina shi ne don ya miƙa kira daga wannan turke zuwa wancan. Kiran gaggawa na 112 ma ta layi kawai yake shiga, WhatsApp ba ya kai shi. Wanda yake da ɗan'uwa a Dubai ya sani cewa hukumomin can sun takaita kiran WhatsApp, don haka rashin shigarsa ba laifin sabis ɗin nan ba ne.

Ta fuskar sirri, kiran WhatsApp a kulle yake daga waya zuwa waya. Kiran kati kuwa kullensa tsakanin wayarka da turke ne, daga nan yana hannun kamfani. Amma a kowanne, lambar da ta bayyana a fuska ba hujja ba ce ta wanda ke magana, domin a kiran kati ana iya sauya ta, kuma yanzu har murya ana kwaikwaya da kwamfuta. Duk wanda ya kira yana neman lambar sirrin katin banki, ko lambobi shida da aka turo maka ta saƙo, ka kashe. In muryar ɗan'uwa ce take neman kuɗi cikin gaggawa, ka kashe ka kira shi da kanka a lambar da ka sani.

Wani lokaci dai laifin na kamfani ne ƙarara: man janareton turke ya ƙare, ko masu aikin hanya sun tsinke faiba, ko abin ya fi haka girma, kamar a watan Maris na 2024 da manyan wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya raunana a Najeriya da Ghana da maƙwabtansu. Ana gane irin wannan da cewa kowa a unguwa mai layi irin naka yana kuka lokaci ɗaya. In matsalar ta daɗe a wuri guda, ka rubuta rana da lokaci da unguwa da lambar dBm ɗin da ka gani, ka kira 300, wadda ita ce lambar kula da abokan hulɗa ta duk kamfanonin waya a Najeriya, ka nemi a ba ka lambar ƙorafi. In ba a yi komai ba, sai ka kai wa hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta lambar 622, kyauta ne, kuma za su tambaye ka waccan lambar ƙorafin, don haka ka adana ta.